Rigar Phyllis da Daren Oscar

Assalamu alaikum. Abu uku zan taɓo in lokaci ya bari. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Na farko, fim ɗin Sugarcane, na Julian Brave NoiseCat da Emily Kassie. Ya ci kyautar ba da umarni a bikin fina-finai na Sundance a 2024, ya kuma shiga takarar Oscar ta 2025. Labarin makarantar kwana ce, St. Joseph's Mission, kusa da Williams Lake a Kanada. Gwamnati ke biya, coci ke gudanarwa, kuma yaran 'yan asalin ƙasar wajen 150,000 aka tusa a irin waɗannan makarantu don a raba su da harshensu da al'adarsu.

To, a wannan makarantar aka kai Phyllis Webstad a 1973, tana 'yar shekara 6. Kakarta ta saya mata sabuwar riga ruwan lemo, mai sheƙi, ta shiga makaranta. Ku tuna jajibirin sallah, yadda yaro ke tashi cikin dare ya shafa kayansa. Ni har da sabon takalmi na taɓa kwana a ƙafa, kada ɗalibaina su ji. [dariya] Ranar farko aka tuɓe mata rigar. Ba ta ƙara saka ta ba. Riga fa! Rigar da kaka ta saya! Sai bayan shekara 40, a 2013, ta ba da labarin a bainar jama'a. Yanzu duk 30 ga Satumba za ka ga Kanada ta yi ruwan lemo, don girmama waɗanda suka fito da rai da waɗanda ba su koma gida ba.

Na biyu, ko na uku muke? A dai 1973 ɗin, jarumin fim Marlon Brando ya tura Sacheen Littlefeather, mai fafutukar 'yan asalin Amurka, ta ƙi karɓar Oscar a madadinsa, don nuna adawa da yadda fina-finai ke wulaƙanta 'yan asalin ƙasar. Wasu suka yi mata ihu. Sai 2022 masu kyautar suka nemi gafararta.

Na'am, Hajiya?

[Tambaya: Malam, Sugarcane ɗin ya ci Oscar?]

Bai ci ba, Hajiya. Amma mahaifin Julian, Ed Archie NoiseCat, a cikin makarantar nan aka haife shi, aka tsince shi jariri a wurin ƙona shara. Yana cikin fim ɗin, ɗansa yana tambayarsa ido da ido. Mai agogo yana ta ɗaga mini hannu, mu tashi mu yi la'asar.