Amsoshin Tambayoyinku: Na goge wasiƙu, sai ga su sun dawo

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Tambayarmu ta farko ta fito ne daga wani malamin makaranta a Damagaram, Jamhuriyar Nijar. Ya ce: "Ina karanta imel da manhajar Mutt a kwamfutata. Rannan na fi awa guda ina goge tsofaffin wasiƙu, sai aka ɗauke wuta. Da na sake kunnawa, na tarar da su duka kamar ban taɓa su ba. Shin bai kamata manhaja ta riƙa adana canji da kanta ba?"

To Malam, sai haƙuri. Manhajarka lafiyarta ƙalau, haka aka gina ta. Mutt, wadda Michael Elkins ya fitar a 1995, idan ka danna harafin d a kan wasiƙa, alama kawai take sa mata, za ka ga babban D ya fito a gefenta. Wasiƙar tana nan daram. In ka sake shawara, ka danna u ta koma yadda take. Ba za ta tafi ba sai ka danna alamar dalar Amurka ($), ko kuma ka zo fita da q ta tambaye ka ko ta share. Wuta ce ta yi maka yankan ƙauna kafin ka kai nan.

Kuma ba Mutt kaɗai ba. Ƙa'idar IMAP, wato hanyar da manhajojin imel ke bi su karanto wasiƙu daga ma'ajiyarsu a intanet, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a 1986, ita ma hawa biyu take yi: a sa wa wasiƙa alamar gogewa, daga baya a ba da umarnin kwashewa. Gmail kuwa nan take yake adana komai, amma abin da ka goge kwandon shara yake kai shi, ya ajiye kwana 30 kafin ya zubar.

In ra'ayina kake so, ni ina bayanka, amma da sharaɗi. Cewa na karanta wannan, na sa wa waccan tuta, ban ga dalilin da manhaja za ta jira umarni kafin ta rubuta ba, balle a wurin da wuta ba ta sallama in za ta tafi. Gogewa ce ke da haɗari. Ka ɗauka yatsa ya zame, ka zaɓi wasiƙu ɗari har da takardar ɗaukarka aiki. Manhajar da ke sharewa nan take, babu kwando, ta gama da kai. Awa guda da ka rasa kana iya maimaita ta gobe. Takardar nan fa?

Saboda haka Malam, ka buɗe fayil ɗin saitinka na muttrc, ka yi amfani da saitin trash ka ware jakar da gogaggun wasiƙu za su riƙa faɗawa. In ka yi haka, danna alamar dala duk bayan 'yan mintoci, ba fargaba.

Sai tambaya ta gaba, daga Kumasi a ƙasar Ghana.