Jawabin Maraba ga Uba Bishop a Ranar Bikin Shahidan Uganda

Ɗaukaka ga Yesu, girma ga Maryamu.

Mai girma Uba Bishop, ranka ya daɗe. Fadanninmu, Sistoci, katikis na ƙauyuka, mai girma Hakimi da dattawan gari, Zumuntar Mata Katolika, matasa, da maƙwabtanmu Musulmi da suka zo taya mu murna, muna yi muku barka da zuwa.

Baba, sannu da hanya. Mun san yadda ruwan farkon damina ya ɓata hanyarmu, mun kuma ga taɓon da ke jikin motarka. Da ka aiko cewa a ɗage zuwan nan sai kaka, ba wanda zai ga laifinka. Amma ka ce ranar 3 ga Yuni za ka zo, ranar Waliyyi Charles Lwanga da 'yan'uwansa, ga ka kuwa. Zumunci a ƙafa yake, yau mun gani da idonmu.

Ka yi mini izini in ɗan taɓa labarin waɗannan bayin Allah. Ba don in koya maka ba, wane ni. Saboda yaran da za ka ɗora wa hannu ka ƙarfafa su yau ne, da yawansu suna jin sunan Kizito amma ba su san ko wane ne ba.

A 1879 Fadannin mishan suka isa masarautar Buganda, a ƙasar Uganda ta yau. A 1882 dole ta sa suka fita, ba su dawo ba sai 1885. Wajen shekara uku ba Fada, ba Mas, ba mai jin ikirari. Ko da suka dawo, sai suka tarar masu bi sun ƙaru. Bayin fada da samarin sarki ne suka riƙa koya wa juna addu'a da katikisim, sau da yawa cikin dare. Wannan gaɓa ta labarin ita ta fi taɓa ni, domin ta yi kama da tamu.

Sarki Mwanga na Biyu ya fara da Joseph Mukasa Balikuddembe, babban bafadensa, wanda ya faɗa masa gaskiya a kan kisan Bishop James Hannington na Anglikan da sarkin ya sa aka yi. Aka sare kansa ranar 15 ga Nuwamba 1885. A daren nan Charles Lwanga ya karɓi baftisma, ya kuma ɗauki nauyin kare yaran fada daga aikin asshan da sarki yake tilasta musu. Ku lissafa, 'yan'uwa: daga baftismarsa zuwa mutuwarsa bai cika wata bakwai ba. Da ya ga alamar abin ya zo, a ƙarshen Mayu 1886, shi da hannunsa ya yi wa wasu yaran baftisma a ɓoye, har da Kizito, ɗan shekara 14, autansu. Aka ɗaure su aka kora su a ƙafa zuwa Namugongo. Ranar 3 ga Yuni, wadda ta dace da Alhamis ta Hawan Yesu Sama, aka naɗe su cikin asabarin kara aka cinna wuta.

Akwai ɗaya da ba na iya ambatonsa ban yi shiru ba, Mbaga Tuzinde. Shugaban masu kisan nan uban riƙonsa ne. Ya lallashe shi, ya roƙe shi ya ce ya bar addu'a kawai a ɓoye shi, yaron ya ƙi. Iyaye da ke nan, kowa ya auna wannan a zuciyarsa. Katolika 22 aka lissafa, tare da 'yan Anglikan 23, wuta ɗaya ta ci da yawansu ba ta tambayi ɗarikar kowa ba. Paparoma Paul na Shida ya ayyana namu waliyyai ranar 18 ga Oktoba 1964, ya kuma je Uganda da kansa a 1969.

Baba, a wurinmu wannan ba tatsuniya ba ce. Ba mu manta da Michael Nnadi ba, ɗan shekara 18, ɗalibin makarantar horar da Fadanni ta Good Shepherd da ke Kaduna, wanda aka sace a Janairun 2020 aka kashe. Ikkilisiya ce ke da ikon cewa wane waliyyi ne, ba mu ba, amma muna ambatonsa a addu'a. A ƙauyukanmu ma akwai waɗanda suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, Kirista da Musulmi, wahalar ba ta zaɓe.

Ga kukanmu, tunda ɗa ba ya ɓoye wa uba ciwonsa. Wasu ƙauyukan sai su yi wata biyu ba su ga Fada ba, ba don ƙyuya ba, mutum ɗaya ne da babur ɗaya. Katikis ne ke riƙe da su: shi ke jagorar sujadar Lahadi, shi ke koyar da yara, shi ake tasa da tsakar dare in wani yana bakin mutuwa. Aikin da Lwanga ya yi ke nan. Yawancin katikis ɗinmu sun tsufa, abin da muke ba su kuwa ko kuɗin taki bai kai ba, kunyar faɗa ma nake ji. Muna roƙo a ba mu gurbi mu tura matasa horon katikis, mu kuma mun yi alkawarin ɗaukar nauyin abincinsu. Na biyu, muna son tarihin waliyyai da Hausa, musamman na Afirka, irin su Josephine Bakhita ta Sudan da Mai Albarka Cyprian Tansi, ɗan ƙasarmu. Tsofaffinmu mata ba sa jin Turanci, su ne kuwa masu ba jikoki labari da dare. In da hali, a ƙaro mana Fada na biyu. Wannan mun sa shi a ƙarshe don mun san girbi da yawa, ma'aikata kaɗan.

Ranka ya daɗe, ba mu da zinariya. Maza sun kawo rago, Zumuntar Mata sun haɗa buhun masara da tulun man gyaɗa, yaran da za a ƙarfafa kuma sun yi karo-karo sun sayi zabi biyu, sun ce lallai in faɗa a gaban jama'a cewa nasu ne. Ka karɓa da haƙuri, ka sa mana albarka kafin ka tafi. Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya.

Daga Shugaban Majalisar Majami'a, a madadin dukan masu bi.