Jawabin Maraba da Kwamishinan 'Yan Sanda daga Shugaban Kwamitin Hulɗar 'Yan Sanda da Jama'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishinan 'Yan Sanda, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Baturen 'yan sandanmu da yaransa, dagatai da masu unguwanni, limamai, Arɗo, Sarkin Noma, iyayenmu mata, sannunku da zuwa. Yallaɓai, garinmu ƙarami ne, shimfiɗarmu ma haka, amma an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Mu masu furfura mun taso a zamanin 'yan dokan En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta da, lokacin da in aka ce ga ɗan doka sai yaro ya faɗa zaure ya ɓuya. En'e ta tafi, tsoron bai bi ta ba. Don a rage shi aka kafa kwamiti irin namu a ƙasar nan a 1984, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta ƙara wa aikin haɗa kai da jama'a ƙarfi.

Akwai aikin da yaranka ke yi a nan wanda da wuya ya kai teburinka, domin ba ya shiga fayil. Wata ranar kasuwa aka tsinci wani ƙaramin yaro yana kuka a layin 'yan hatsi. Ko sunan unguwarsu bai iya faɗa ba. Wani sajan ya saɓa shi a kafaɗa, ya saya masa ƙosai da kuɗin aljihunsa, ya sa aka yi cigiya a lasifikar masallaci. Kafin la'asar ga uwar ta iso caji ofis, takalminta ɗaya a hannu, ta tarar da ɗanta yana barci a kan benci da hular sajan a kansa.

Da kaka kuwa, in shanu suka faɗa gonar wake, Baturen 'yan sanda ba ya gaggawar kulle kowa. Sai ya kira Arɗo da Sarkin Noma, a taka har gonar, a kimanta ɓarna da ido, a biya, a yi musabaha. Da yawa daga cikin rigingimun da a wasu wurare ke kai ga zubar da jini, a nan ƙarƙashin darbejiyar ofis suke mutuwa. Ga tsallakar da 'yan firamare titi da safe, ga sintirin dare tare da 'yan banga. Bayan sallar Juma'a kuma sukan tsaya su faɗa wa mutane haƙƙinsu: beli kyauta ne, doka ta hana a kama uba a madadin ɗansa, kuma tun 2017 asibiti ba shi da ikon ƙin karɓar wanda aka harba don bai zo da takardar 'yan sanda ba.

To, ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Motar sintiri ɗaya ce, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti in dare ya raba, sau da yawa sai an yi karo-karon kuɗin mai. Ba mu da 'yar sanda mace, alhali matar aure ba ta iya buɗe wa namiji cikinta a kan abin da aka yi mata ko aka yi wa 'yarta. Har yanzu akwai masu miƙa hannu a shinge, direbobinmu na kuka. Sannan da zarar jami'i ya fara gane lungunanmu da wanda ke gaba da wa, sai takardar canjin wurin aiki ta iso. A bar mana su su ɗan daɗe.

Mun rubuta waɗannan koke-koke a takarda, Hakimi zai miƙa maka da hannunsa. Ga fura da nono iyayenmu mata sun dama tun safe, a taɓa kafin a zaga ofis. Allah ya mai da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.