Yadda ake gyara takobin katako a yi masa fenti don ɗaukar fim

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau a shago takobi za mu yi, na katako, irin wanda ake ba 'yan wasa a fim ɗin sarauta ko na yaƙi. Ga shi na riga na yanko shi da zarto, tsawonsa ya kusa mita ɗaya, miƙaƙƙe irin takobinmu na gargajiya. Ku dubi bakinsa, a zagaye yake, babu tsini. Kada ku yi wasa da wannan, mutum ne zai ɗaga shi kusa da idon ɗan'uwansa.

Katakon obeche ne, ana samunsa a 'Yan Katako ta Na'ibawa a nan Kano. Ba shi da nauyi, kuma yana karɓar gyara. Madaci ya fi shi ƙarfi, amma ɗan wasan da za a ce ya maimaita sara har darakta ya gamsu, hannunsa zai sage. Ku tabbatar busasshe ne. Ɗanye idan ya bushe daga baya lanƙwashewa yake yi, fentin ya tsage.

To, yanzu mu zo inda aikin yake. Kai yaro, miƙo min sanfefa mai lamba 80. Da wannan mai kaushin ake fara kwashe sawun zarto. Ku lura da hannuna, tsawon katakon nake bi, yadda jijiyarsa ta kwanta. Idan ka gitta ta, za ka bar ƙarce-ƙarcen da ido ba zai gani ba yanzu, sai ka shafa ruwan azurfa su fito ɓaro-ɓaro, kyamara kuma ta ƙara tona su. Daga 80 sai 120, sannan 220. Kada ku tsallake ta tsakiyar don sauri.

Ga wani rami nan inda reshe ya fito. Garin katakon da ya zubo yanzu shi za ku tara, ku kwaɓa da farin gam, ya yi kauri kamar tuwo, ku cusa a ramin har ya ɗan tashi sama, domin yana shanyewa idan ya bushe. Gobe sai a goge ya daidaita. Wannan da ke hannuna tun jiya na cike nasa.

Layukan nan da ke tsakiyar takobi kuwa, ku naɗe sanfefa a jikin fensir, ku ɗora rula, ku yi ta kai da komowa har su zurfafa.

Sai ku jiƙa tsumma, ku matse shi sosai, ku shafe jikinsa. Ruwa yana tayar da gashin katako. Idan ya bushe ku shafa da tafin hannu, za ku ji kaushi ya dawo, sai ku bi da 220 a hankali. Da yawa ba sa yin wannan, shi ya sa takobinsu yake fitowa a hoto da alamar itace.

Obeche yana shan fenti ƙwarai, don haka sai an toshe ƙofofinsa da sila, wato ruwan da ake fara shafa wa katako kafin fenti, shafi 2, ana gogewa a tsakani. Ku buɗe taga, ku sa takunkumi, tina, wato ruwan da ake tsinka sila da shi, ba abokiyar huhu ba ce, kuma kada wuta ta kusanto ta.

Fentin farko baƙi ne, marar sheƙi. Wani zai ce ai azurfa muke so. E, amma azurfa zalla a kan katako walƙiya take yi a gaban fitilar ɗaukar hoto, kowa ya gane na bogi ne. Bayan baƙin ya bushe, ku tsoma bakin burushi kaɗan a ruwan azurfa, ku goge shi a jikin kwali har ya kusa ƙarewa, sannan ku riƙa shafawa sama-sama. Kun gani? Gefen kaifi ya yi haske, cikin layukan ya zauna da duhu, haka tsohon ƙarfe yake. In kuna son ƙarin kama, ku kankare bakin fensir ya zama gari, ku murza da yatsa a tsawon takobin.

Da hunturu fenti yana saurin bushewa, sai dai ƙura na manne masa, to ku yayyafa ruwa a ƙasan shago kafin ku fara. Da damina kuma ku ƙara masa lokaci, ko da ya yi kamar ya bushe a sama.

Yaro, rataye shi da igiya ta wajen mariƙi, kada ya taɓa bango. Mariƙin na bar shi ba fenti da gangan, jar fata za mu naɗa masa da gam, ita ce darasinmu na gaba tare da ɗinkin kube. Sai mun haɗu, a huta lafiya.