Sallama Kafin Buƙata: Jawabi ga Matasanmu Masu Neman Aiki a LinkedIn

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, da ƙannenmu ɗalibai da suka taso tun daga Leeds da Bradford da Liverpool zuwa nan Manchester, sannunku da hanya, Allah ya ba da ladan zumunci.

An ce in yi magana kan neman aiki. Abu guda zan ɗauka, wato ɗan saƙon da mutum ke haɗawa da buƙatar ƙulla hulɗa a LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki.

A watan jiya wani yaronmu ya turo mini irin wannan buƙata. Ba hoto a shafinsa, ba bayanin abin da ya karanta. Abin da ya rubuta kawai shi ne in taimaka masa da aiki, kowane iri ne, don Allah don Annabi. Raina ya sosu, domin na san halin da yake ciki: bizar bayan karatu, wadda aka fara bayarwa a 2021, ta kusa ƙare masa, kuɗin haya na jira, a gida kuma an zuba ido. Ni na kira shi, don ɗanmu ne. Amma da Baturen da bai san shi ba ya tura wa, ko amsa ba zai samu ba.

Ku tuna yadda muka taso. Idan ka je gidan da ba a san ka ba, a zaure kake tsayawa ka yi sallama. A ce wane ne, ka ce ɗan gidan wane ne daga unguwa kaza, wane ne ya aiko ni. Sai an shimfiɗa tabarma an gaisa kafin buƙata ta fito. To wannan tarbiyyar ake so a saƙon nan, sai dai wurin ƙarami ne. Haruffa 300 ne iyaka, mai asusun kyauta ma 200 ake ba shi, kuma saƙonni ƙalilan a wata. Babu filin ina gajiya, ina iyali, yaya sanyi. Ka faɗi ko kai wane ne, inda ka san mutumin, da abin da ya haɗa ku.

Da Turanci za ku rubuta, amma ga ma'anar irin wanda nake nufi: "Barka da aiki, Dakta. Ni ɗalibar lafiyar al'umma ce. Na saurari jawabinki na ranar Alhamis kan adana allurar rigakafi cikin sanyi a ƙauyuka. Na yi irin aikin a Jigawa, zan so in riƙa bibiyar naki." Kun ga ba ta roƙi komai ba. Ta ambaci rana, ta ambaci batun, kuma ta nuna ita ma tana da abin da ta gani da idonta. Wanda ya karanta ya san shi aka rubuta wa, ba saƙon da aka kwafa aka watsa wa mutum hamsin ba ne.

Batun kiran suna kuma, Bature sunansa na farko ya ishe shi, jera masa kirari na sa shi ɗari-ɗari. Dattijonmu kuwa, ko a Landan yake, Malam ne, Hajiya ce, Injiniya ne. Kuma kada ka ce wane ya turo ka alhali ba ka nemi izininsa ba.

Wasu za su ce, ai mu da junanmu mun isa. Ba mu isa ba. LinkedIn da aka buɗe a 2003, Microsoft ta saye shi a 2016, yanzu masu rajista sun haura biliyan 1. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa daga wanda kuke sanin shanu da shi, ba daga amini ba, domin abin da amininka ya sani kai ma ka riga ka sani. A 2022 mujallar Science ta buga binciken da aka yi kan mutum miliyan 20 a LinkedIn ɗin, ya ƙarfafa wannan magana. Don haka malamin da ya koyar da kai zango ɗaya, da matar da kuka zauna kusa a taron bita, su ne mutanen da ya kamata ka nema tun darasi bai ƙare ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku guji tura buƙata barkatai. Idan mutane da yawa suka danna cewa ba su san ka ba, ana iya taƙaita asusunka. In an karɓa, ka yi godiya a taƙaice, ka bari a kwana biyu kafin ka yi tambaya guda mai ma'ana.

Mu kuma manya da Allah ya rufa wa asiri, idan saƙon yaro ya zo a karkace, mu kira shi mu gyara masa. Bayan sallar la'asar ina teburin baya kusa da ƙofa. Duk mai so ya zo da wayarsa da sunan mutum ɗaya da yake son tura wa, mu rubuta tare. Na gode, wassalamu alaikum.