Obama da Hillary Clinton: Zargin Wariyar Launin Fata da Raina Mata a Zaɓen Fid da Gwani na 2008

Ranar 7 ga Janairun 2008, Hillary Clinton tana tsaka da jawabi a garin Salem na jihar New Hampshire, sai wasu maza biyu suka miƙe riƙe da kwali suna ihu cewa ta je ta goge musu riga. A lokacin sanata ce mai wakiltar New York, tana neman jam'iyyar Democrat ta tsayar da ita takarar shugabancin Amurka, amma aka ce mata a bainar jama'a aikinta guga ne. Ta amsa cewa ga shaida nan kowa ya gani, ɗabi'ar raina mata tana nan da ranta.

Abin da ya sa wannan zaɓe ya yi zafi shi ne faɗan cikin gida ne. Ita da Barack Obama ba su da nisa a yawancin manufofi, in ban da batun yaƙin Iraki wanda ta jefa wa ƙuri'ar amincewa a 2002, shi kuma ya soka tun farko. Da tazarar ta yi kaɗan, sai hankali ya koma kan su kansu: ko dai mace ta farko, ko baƙar fata na farko.

Zargin wariyar launin fata galibi ta hanyar habaici ya shigo, shi ya sa har yau ake gardama a kansa. Hillary ta ce mafarkin Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, ya fara tabbata ne lokacin da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar 'yancin jama'a ta 1964, wasu shugabannin baƙaƙen fata kuwa suka ji kamar an rage darajar waɗanda suka sha duka da ɗauri kafin a samu dokar. Ranar 26 ga Janairu, ranar da Obama ya lashe South Carolina da kusan kashi 55 cikin ɗari, mijin Hillary, tsohon shugaban ƙasa Bill Clinton, ya tuna wa 'yan jarida cewa Jesse Jackson, baƙar fatan da ya taɓa neman wannan takara, shi ma ya ci jihar a 1984 da 1988. Maganar gaskiya ce a tarihi, amma mutane da yawa sun fahimci manufarta ita ce a mayar da Obama ɗan takarar baƙaƙen fata kawai. A watan Maris, Geraldine Ferraro, tsohuwar 'yar takarar mataimakiyar shugaban ƙasa a jam'iyyar Democrat, ta ce da Obama farar fata ne da bai kai inda ya kai ba, kuma cikin 'yan kwanaki ta bar kwamitin tara kuɗin kamfen ɗin Hillary.

Raina mata kuwa bai ko ɓoye fuska ba, kuma a ganina a nan ne kafafen yaɗa labarai suka fi gazawa. An yi ta sharhi kan muryarta da dariyarta da suturarta. Chris Matthews na tashar MSNBC ya ce ta zama sanata ne saboda mijinta ya ci amanarta, daga baya ya nemi afuwa. Irin wannan magana ana faɗinta ana dariya, alhali kowa ya san makamanciyarta kan launin fata tana iya raba mutum da aikinsa.

Waɗanda aka fi matsa wa su ne mata baƙaƙen fata, domin kowane ɓangare yana kallonsu a matsayin nasa. Da Oprah Winfrey, fitacciyar mai gabatar da shirin talabijin, ta mara wa Obama baya, wasu mata sun kira ta maciya amana. Shirley Chisholm, 'yar majalisa baƙar fata wadda ta nemi wannan tikiti tun 1972, ta sha faɗin cewa a siyasa ta fi fuskantar wariya don tana mace fiye da don tana baƙar fata.

Ranar 7 ga Yuni, Hillary ta janye a birnin Washington, ta roƙi magoya bayanta kusan miliyan 18 su mara wa Obama baya. Wasunsu sun ƙi da farko, amma a watan Nuwamba yawancin mata masu zaɓe Obama suka zaɓa, shi kuma ya naɗa ta sakatariyar harkokin waje.