Ƙara filta a layin mai na motar daji: ga wa take da amfani?

Jama'a, assalamu alaikum. Masu Land Cruiser da Hilux da ke shiga daji da sahara sun sha yin wannan tambaya: mota ta zo da filtarta daga kamfani, a ƙara wata a kan tiyon mai ko a bar ta haka?

Ya danganta da inda kake shan mai. Idan kullum a gidan mai mai tsabta kake sha, canza filtar asali a kan lokaci ya ishe ka. Amma mai bin hanyar Agadas zuwa Dirku, ko ƙauyukan da sai a jarka da duro ake samun mai, nasa daban ne. Duro yana tsatsa, jarka tana kwasar ƙura, zafin rana da sanyin dare kuma suna tara raɓa a tankin da bai cika ba. Sannan gargada ta girgiza tanki, ta tayar da duk dattin da ya kwanta a ƙasa.

Ana auna ƙofofin filta da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin kai kusan maikiron 70 ne. Ƙaramar lamba, matsattsiyar ƙofa.

Mu fara da dizal, don nan asarar take. Tsohon injin Land Cruiser, wato 1HZ, mai lita 4.2 da silinda shida yana da haƙuri, shi ya sa direbobin sahara ke ƙaunarsa. Injinan Hilux na baya-bayan nan, irin 1KD da 1GD, ba su san haƙuri ba. Matsin man da ke zuwa nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, yana kaiwa 1,600 ko fiye a ma'aunin matsi na bar, kuma dizal ɗin da kansa ne ke sa famfo da nozul santsi. Ruwa ya shiga, santsi ya tafi, tsatsa ta kama, sai canjin nozul huɗu, wani lokaci har da famfo. Saboda haka abin da za ka ƙara shi ne filta mai raba ruwa, mai maikiron 30, tsakanin tanki da filtar asali. Kamfanoni irin su Racor suna yin ta da kofi a ƙasa wanda ake ganin cikinsa. Ruwa ya fi dizal nauyi, sai ya kwanta a kofin, ka kwance kusar ƙasa ka zubar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce tunda maikiron 2 ta fi tacewa, a sa ta a gaba. 1HZ da 1KD ba su da famfo a cikin tanki, na jikin inji ne ke zuƙo mai. Ka sa masa matsattsiyar filta a hanya, nan da nan ta toshe, famfo ya riƙa zuƙa ba ya samu. A silo ba za ka ji komai ba. Sai ka taka totur a tudu ko cikin yashi mota ta shaƙe. Mai buɗaɗɗiyar ƙofa ce a farko, matsattsiya a ƙarshe.

A motar fetur kuwa, duba matsi. Mai kafireta matsinta bai wuce 4 zuwa 7 a ma'aunin matsi na psi ba, ƙaramar filtar roba ta isa. Mai nozul tana aiki a psi 40 zuwa 60. Filtar roba a nan fashewa take yi, ta watsa fetur a kan inji mai zafi. Sai ta ƙarfe, da tiyo mai jure matsi, mai rubutun SAE J30R9 a jikinsa. Idan kafin famfon lantarki za ta zauna, maikiron 100. Bayansa, maikiron 10.

Wajen ɗaurawa, bari inji ya huce. A motar fetur mai nozul, zare fiyus ɗin famfo, ka tayar da ita har ta mutu da kanta don matsi ya sauka, sannan ka cire kan batir mai alamar ragi. Auna cikin tiyonka, milimita 8 ne, 10 ko 12, ka sayi filta mai baki daidai da shi. Kibiyar jikinta ta kalli inji. A ɗaure ta da ƙarfe a jikin mota, kada a bar ta tana lilo a tiyo, kuma nesa da salansa da inda dutse zai same ta. Mai raba ruwa a tsaye take zama, da wurin sa hannu a ƙarƙashinta.

An gama? Danna famfon hannu da ke kan filtar dizal har ya yi tauri, ka tayar, ka duba kowane kilif. A ɓangaren zuƙa, kilif mai sako-sako ba lallai ya ɗigar da mai ba, iska yake ja. Alamarsa mota ta ƙi tashi da safe.

Idan motar sabuwa ce, tambayi dillali ko ƙarin zai taɓa garanti. Leƙa kofin ruwa bayan kowane shan mai na jarka, kuma kada ka fita daji ba tare da filta guda ta ajiya da sufanar da ke kwance ta ba.